Yadda Ake Ƙiyasta Yawan Ma'aikata, Lokaci da Kuɗin Aikin Gina Manhaja

Tambayar da ke yawan zuwa daga masu karɓar kwangilar manhaja ita ce: mutum nawa zan ɗauka, wata nawa zan ce wa mai aiki, kuma nawa zan caje shi? Amsar tana da tsari, kuma tsarin ba ya karɓar juyi. Ana fara auna girman aikin, daga nan a fitar da lokacin da yake buƙata, sai a ƙarshe a san yawan mutane. Wanda ya fara da cewa "muna da mutum huɗu, mai aiki yana so cikin wata uku" bai yi ƙiyasi ba, buri ya rubuta.

Za mu bi misali ɗaya daga farko har ƙarshe: manhajar makarantar kuɗi mai sashen firamare da sakandare, wadda za ta riƙe rajistar ɗalibai, ta karɓi kuɗin makaranta, ta fitar da sakamakon jarrabawa, ta kuma aika wa iyaye saƙo. Duk alƙaluman kwanaki da albashi da za ka gani na misali ne, ka maye su da naka. Kayan aiki kaɗan ne: Excel ko Google Sheets, kalandar shekara mai ɗauke da ranakun hutu, da mutanen da za su yi aikin da hannunsu.

1. Rubuta iyakar aikin

Ka zauna da mai aikin ka rubuta jeri biyu. Na farko abin da manhajar za ta yi, na biyu abin da ba za ta yi ba a wannan zubin. Jeri na biyu shi ne mai kare ka. A misalinmu, an yarda cewa biyan albashin malamai da tsarin motar ɗaukar yara ba sa ciki. Ka kuma tambayi adadin masu amfani, ko za a yi aiki da ita babu intanet, da kuma irin wayoyin da iyaye ke riƙe da su, domin waɗannan ukun suna sauya girman aiki fiye da yawan shafuka.

Gargaɗi: kada ka furta farashi a wannan zaman, ko da an ce "kintata mana kawai". Tun kafin a fayyace buƙatu, ƙiyasi na iya ninka gaskiya sau huɗu ko ya gaza ta sau huɗu, kamar yadda masanin injiniyancin manhaja Barry Boehm ya nuna tun 1981. Adadin farko da ya fita daga bakinka shi mai aiki zai riƙe har ranar miƙa aiki.

2. Gutsuttsura aikin

Ka raba kowane babban sashe zuwa ƙananan ayyuka waɗanda mutum ɗaya zai gama cikin yini ɗaya zuwa biyar. Duk abin da ya haura yini biyar alama ce cewa ba a fahimce shi ba tukuna, a sake raba shi. "Sakamakon jarrabawa", alal misali, ya ƙunshi shigar da maki, lissafin jimilla da matsayi, amincewar shugaban makaranta, da buga katin sakamako. Kowanne layinsa daban.

Akwai ayyukan da kusan kullum ake mantawa da su a nan: kwashe tsoffin bayanai daga fayilolin Excel na makarantar, ajiyar kwafin rumbun bayanai, sake saita kalmar sirri, da rahotannin da akanta zai nema bayan an fara aiki.

3. Ba kowane aiki ƙiyasi uku

Nan ne zuciyar lissafin, kuma nan ya kamata ka ɓata lokaci. Ga kowane aiki, wanda zai yi shi ya faɗi lambobi uku: kwanakin da zai ci idan komai ya tafi daidai, kwanakin da ya fi zato, da kwanakin da zai ci idan abubuwa suka cuɗe. Sai a haɗa su da ƙa'idar PERT, wata hanyar fitar da matsakaici daga ƙiyasi uku: na farko, a tara da na tsakiya sau huɗu, a tara da na ƙarshe, a raba jimillar gida shida.

Ga yadda manyan sassan manhajar makarantar suka fito bayan an tattara ƙananan ayyukan, a ma'aunin yinin mutum ɗaya:

Shiga da izinin masu amfani: 4, 6, 14, ya ba da 7
Rajistar ɗalibai da azuzuwa: 6, 10, 20, ya ba da 11
Biyan kuɗi ta intanet: 8, 14, 32, ya ba da 16
Sakamakon jarrabawa: 12, 20, 40, ya ba da 22
Saƙon tes ga iyaye: 3, 5, 13, ya ba da 6
Manhajar waya ta iyaye: 15, 25, 47, ya ba da 27
Kwashe tsoffin bayanai: 5, 9, 25, ya ba da 11

Jimilla yini 100. Da a ce lambobin tsakiya kaɗai aka tara, 89 za a samu, yini 11 sun ɓace tun ba a fara ba. Dalili shi ne aikin manhaja yana da ƙaramin filin saurin gamawa, amma filin jinkirinsa faɗi gare shi. Aikin yini goma da wuya ya ƙare cikin biyar, amma ya kai ashirin abu ne da ake gani kullum.

Yadda ake karɓar lambobin ma yana da muhimmanci. Kowa ya rubuta nasa a takarda a ɓoye, sannan a buɗe tare. Idan babban mai rubuta kod, wato umarnin da ake rubuta wa kwamfuta, ya fara cewa "wannan ai yini uku ne", ƙananan ma'aikata ba za su musa masa ba, saboda kunya da girmamawa, ko da sun san zai kai takwas. In aka buɗe takardu aka ga wani ya rubuta 3 wani 12, kada a ɗauki tsakiya. A tambayi mai 12 abin da ya hango. Sau da yawa shi ne ya tuna da wani abu, kamar iyayen da ke biyan rabin kuɗin makaranta su cika daga baya, ko mai yara uku da zai biya da rasit ɗaya.

Gargaɗi: duk sashen da ya dogara da wani kamfani na waje, kamar haɗa biyan kuɗi da Paystack ko Remita, masu karɓar kuɗi ta intanet, ko rajistar sunan da zai bayyana a kan saƙon tes, a ba shi lamba ta uku mai faɗi. Kwanakin jiran amincewarsu ba a hannunka suke ba. Ka rubuta su a kalanda daban, domin jira ba ya cin albashi kai tsaye amma yana cin lokaci.

4. Ƙara aikin da ba rubutun kod ba

Yini 100 ɗin nan rubuta kod ne kawai. Ba a lissafa zama da mai aiki ba, da zanen fuskar manhaja, da gwaji, da gyaran kura-kurai, da ɗora ta a kan uwar garke, wato kwamfutar da manhajar za ta zauna a kanta, da koya wa malamai amfani da ita. Idan kana da bayanan ayyukanka na baya, ka duba kason da waɗannan suka ci. Idan babu, ka fara da wannan rabon, kana gyara shi yayin da kake tara naka bayanan: rubuta kod kashi 50, tattara buƙatu da zane 15, gwaji da gyara 20, jagoranci 10, ɗorawa da horarwa 5. Da wannan rabon, aikinmu ya zama yini 200.

Gwaji shi ne abin da ake fara yankewa idan kuɗi suka yi kaɗan, kuma a ganina babu yankan da ya fi shi tsada. Manhajar da ta ba yaro matsayi na 12 alhali shi ne na 2 za ta zubar da mutuncin makarantar da naka cikin yini ɗaya.

5. Ware ajiyar ko-ta-kwana

Ajiyar tana da lissafinta, ba zato ba ce. A kowane layi na mataki na 3, ka cire lambar farko daga ta uku ka raba gida shida. Ka ninka kowane sakamako da kansa, ka tara su duka, ka ɗauki tushen jimillar, wato lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da jimillar. A misalinmu ana samun kusan yini 9 da rabi. Tun da an ninka aikin biyu a mataki na 4, wannan ya zama kusan yini 19. Wannan ya rufe rashin tabbas na ayyukan da ka sani. Waɗanda ba ka hango ba kuma suna buƙatar nasu kason, don haka a ƙara kamar wancan. An tashi da yini 40, wato kashi 20 cikin 100, jimillar aiki ta zama yini 240.

Gargaɗi: ajiyar ta zauna a layi ɗaya a hannun jagoran aiki. Idan aka rarraba ta cikin kowane aiki, za a cinye ta ba a sani ba, domin wanda aka ba yini takwas a aikin yini shida zai cika takwas ɗin.

6. Mayar da kwanaki zuwa watanni

Wata yana da kusan ranakun aiki 21, amma babu ma'aikacin da ke ba aiki ɗaya 21 cif. Akwai taruka, da rashin lafiya, da suna da biki da ta'aziyya, da gyaran tsohuwar manhajar wani abokin ciniki da ya kira, da sa'o'in da wuta ko intanet suka ɗauke. Ka lissafa kashi 70 cikin 100, wato yini 15 a wata. Yini 240 a raba da 15 ya ba da 16. Ma'ana, aikin daidai yake da mutum ɗaya ya yi wata 16 yana kansa. Wannan ma'auni shi za mu riƙa kira watan mutum.

Sai ka ɗauko kalanda. Idan aikin zai ratsa watan azumi, ka rage sa'o'in wannan watan, ka cire makon ƙaramar Salla da na babbar Salla gaba ɗaya, ba kwana biyun da gwamnati ke bayarwa kaɗai ba, domin mutane suna tafiya gida. Ka kuma duba kalandar mai aikin. Makaranta ba za ta ba ka malamanta su gwada manhaja a makon jarrabawa ba, kuma a dogon hutu ba za ka same su ba.

7. Fitar da tsawon lokaci

Kuskuren da ya fi kowanne yawa yana nan: a ce watan mutum 16, a ɗauki mutum takwas a gama cikin wata biyu. Ba ya yiwuwa. Wasu ayyukan sai an gama na gabansu, ba a gwada abin da ba a rubuta ba, ba a kuma rubuta abin da ba a yanke shawara a kansa ba.

Tsarin ƙiyasin aikin manhaja na Boehm, mai suna COCOMO, ya ba da ƙa'ida mai sauƙi ga ƙaramar tawaga da ta saba da irin aikin: watanni daidai suke da 2.5 sau watan mutum da aka ɗaga zuwa ƙarfin 0.38. A Excel ka rubuta =2.5*16^0.38, za ka ga 7.2. Wata bakwai ke nan, kuma 16 a raba da 7.2 ya ba da matsakaicin mutum biyu da ɗan ɗoriya.

Idan mai aiki ya matsa, akwai iyaka. Binciken Boehm ya nuna cewa da wuya a matse lokaci ƙasa da kashi 75 cikin 100 na wannan adadi, komai yawan mutanen da aka zuba. A nan iyakar ta kama wata biyar da rabi. Matsewar kuma ba kyauta ba ce. A lissafin Lawrence Putnam na 1978, yawan aiki yana hauhawa da ƙarfi na huɗu na raguwar lokaci: rage kashi 10 na lokaci yana ƙara kusan rabin aikin. Daga manyan ayyuka aka samo wannan lissafi, don haka a ƙaramin aiki irin namu tsadar ba za ta kai haka ba, amma alkiblar ɗaya ce. Sauri ya haifi nawa. Idan dole ne a fara amfani da manhajar a farkon zangon karatu, hanya mafi aminci ita ce a rage aikin: a miƙa rajista da biyan kuɗi da farko, manhajar wayar iyaye ta biyo baya.

COCOMO yana iya zama ma'auni na biyu ga girman aikin kansa. Idan kana iya kintatar yawan layukan kod, ƙa'idar ita ce 2.4 sau dubban layuka da aka ɗaga zuwa ƙarfin 1.05. Layi 6,000 yana ba da watan mutum 15.7, kusa da namu.

Gargaɗi: an gina waɗannan lambobin a kan ayyuka 63 na zamanin da ake rubuta kusan komai da hannu. Yau da ake ɗora aiki a kan shiryayyun tubalan kod irin su Laravel, Django ko Flutter, ƙidayar layuka ba ta da tabbas. Ka yi amfani da ita don duba ko ka kauce da nisa, kada ka gina farashi a kanta.

8. Rarraba mutane bisa watanni

Mutum biyu da ɗoriya matsakaici ne, ba yana nufin a ɗauki mutum biyu daga ranar farko zuwa ta ƙarshe ba. Buƙatar ma'aikata tana farawa ƙasa, ta hau da sauri, ta kai ƙololuwa, sannan ta gangaro a hankali. Peter Norden na kamfanin IBM ya lura da wannan siffa, Putnam kuma ya ɗora ta a kan aikin manhaja, ana kiranta lanƙwasar Rayleigh. Ba sai ka yi lissafinta ba a aiki irin wannan, siffar kawai za ka bi. Watan mutum 16 a kan wata bakwai zai iya zama haka: 1, 2, 3, 3.5, 3, 2, 1.5.

Yanzu ka buɗe tebur, watanni a sama, muƙamai a gefe. Rabi yana nufin mutumin yana ba aikin rabin lokacinsa.

Jagoran aiki: 0.5, 0.25, 0.25, 0.25, 0.25, 0.25, 0.5, jimilla 2.25
Mai zanen fuska: 0.25, 0.5, 0.25, 0.25, 0, 0, 0, jimilla 1.25
Babban mai kod: 0.25, 1, 1, 1, 1, 0.75, 0.5, jimilla 5.5
Mai kod na waya: 0, 0.25, 1, 1, 0.75, 0.5, 0.25, jimilla 3.75
Mai gwaji: 0, 0, 0.5, 1, 1, 0.5, 0.25, jimilla 3.25

Mutum biyar ne suka taɓa aikin, amma babu watan da ya ci fiye da uku da rabi. Lura cewa mai gwaji ya shigo tun wata na uku, da zarar an sami abin gwadawa. Kuskuren da aka kama a makon da aka rubuta shi minti kaɗan yake ci, wanda ya kwana wata uku an riga an gina wasu abubuwa a kansa. Jagora kuma nauyinsa ya fi yawa a farko da ƙarshe, lokacin zama da mai aiki da lokacin horar da malamai.

Bayan ka cika teburin, ka duba abu uku. Na ɗaya, kada kowa ya haura 1 a wata idan aka haɗa da sauran ayyukan da ke hannunsa. Na biyu, kada a raba mutum ɗaya a kan ayyuka fiye da biyu, domin sauya hankali daga wannan zuwa wancan yana cin lokacin da ba ya bayyana a tebur. Na uku, ka nemi layin da idan mai shi ya tafi aikin zai tsaya. A nan babban mai kod ne, yana ɗauke da sulusin aikin. Maganinsa shi ne mai kod na waya ya riƙa duba abin da yake rubutawa, kuma duk kod ya zauna a ma'ajiyar kamfani a GitHub ko GitLab, ba a kwamfutar mutum ɗaya ba.

Gargaɗi: ƙara mutane yana ƙara hanyoyin magana. Mutum uku suna da hanya 3 tsakaninsu, biyar suna da 10, takwas 28, goma 45. Shi ya sa Fred Brooks ya yi kashedi tun 1975 cewa zuba sababbin mutane a aikin da ya riga ya makara yana ƙara masa makara. Sabon zuwa yana buƙatar makonni kafin ya gane kan aikin, kuma wanda zai koya masa shi ne wanda aka fi buƙata a kan kod. Idan za ka ƙara mutum, ka yi kafin ƙololuwa, a wata na biyu ko na uku.

9. Lissafa kuɗi

Ka ninka jimillar kowane layi da albashin wata. A ce jagora naira 500,000, mai zane 400,000, babban mai kod 800,000, mai kod na waya 600,000, mai gwaji 350,000. Za a samu 1,125,000 da 500,000 da 4,400,000 da 2,250,000 da 1,137,500, jimilla naira 9,412,500.

Albashi kaɗai ba shi ne tsadar ma'aikaci ba. A Najeriya, idan dokar fansho ta 2014 ta hau kan kamfaninka, akwai aƙalla kashi 10 na albashi da kai za ka zuba, da kashi 1 na asusun inshorar ma'aikata na NSITF. Ga hayar ofis, da man janareta ko batirin sola, da data, da lalacewar kwamfutoci. Idan waɗannan suka kama kashi 25 na albashi, an kai kusan naira miliyan 11.8. A kan wannan za ka ɗora ribarka, sannan harajin VAT na kashi 7.5 idan ya shafe ka.

Kuɗin kayan waje su zauna a jeri daban: hayar uwar garke, sunan shafi, kuɗin kowane saƙon tes, asusun Google Play dala 25 sau ɗaya, asusun Apple dala 99 duk shekara.

Gargaɗi: duk abin da ake biya da dala ka rubuta shi da dala a takardar yarjejeniya, ko ka sa mai aiki ya biya da kansa. Aikin wata bakwai ya isa canji ya cinye ribarka. Haka kuma ka daidaita karɓar kuɗi da teburin mataki na 8: wata na uku zuwa na biyar su ne suka fi cin albashi, don haka kafin alƙalami da biya na biyu su isa su ɗauke su. Sabon asusun Google Play na mutum ɗaya kuma sai manhaja ta yi kwana 14 a gwaji a hannun aƙalla mutum 12 kafin a bari a sake ta, ka sa wannan a kalanda tun wata na shida.

10. Sake auna ƙiyasin yayin da ake aiki

Duk mako biyu ka rubuta kwanakin da kowane aikin da aka gama ya ci a zahiri, kusa da abin da aka ƙiyasta masa. Bayan mako shida da fara rubuta kod, ka raba na zahiri da na ƙiyasi. Idan ayyukan da aka ba yini 30 sun ci 39, ma'auninka 1.3 ne, kuma ragowar yini 70 za su ci kusan 91. Kada ka ce za a rama a gaba. Tawagar da ta yi jinkirin kashi 30 a sassa masu sauƙi ba za ta yi sauri a masu wuya ba. Ka duba ko ajiyar mataki na 5 za ta ɗauki bambancin. In ba za ta ɗauka ba, ka sanar da mai aiki a wannan makon, da zaɓi biyu a hannunka: a ɗage rana ko a cire wani sashe.

Aiki yana da matsayi biyu kawai a wannan lissafin, an gama ko ba a gama ba, kuma "an gama" yana nufin mai gwaji ya amince. Kada ka karɓi "saura kaɗan". Duk sabuwar buƙata da mai aiki ya kawo, komai ƙanƙantarta, ta bi ta mataki na 3 da na 4, a rubuta kwanakinta da kuɗinta, ya sa hannu kafin a taɓa ta.

11. Tanadi mutanen bayan miƙa aiki

Lanƙwasar Rayleigh tana da doguwar jela. A lissafin Putnam, kusan kashi 40 cikin 100 kaɗai na aikin rayuwar manhaja ake yi kafin a miƙa ta, sauran yana tafiya a gyara da ƙari cikin shekarun da ake amfani da ita. Ga manhajar makarantar, ka ware rabin mai kod na wata uku na farko, sannan rubu'i daga nan, tare da ƙarin hannu a makon biyan kuɗin makaranta da makon fitar da sakamako, lokacin da kowa ke kanta. Ka rubuta a yarjejeniya tsawon lokacin gyaran kura-kurai kyauta, wata uku ya wadatar, da kuɗin kulawa na wata-wata bayansa. Teburin ƙiyasi da na zahiri kuma ka adana shi, da shi za ka maye kason mataki na 4 da kashi 70 na mataki na 6 a kwangila ta gaba.